Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Bauchi a Kan Faɗuwar Ƙarya a Filayenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran shugabannin wannan hukuma, ina miƙa gaisuwa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya. Ni mai horar da yara ne a wata unguwa cikin garin Bauchi. Ba ni da ofis, ba na karɓar albashi a wannan harka. Iyakar abin da na mallaka shi ne filin ƙasa a bayan wata makarantar firamare, da ƙwallo uku, da yara kusan 30, 'yan shekara 12 zuwa 17, waɗanda suke taruwa kullum bayan la'asar. Na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a ne domin ba ku kaɗai ta shafa ba. Ta shafi 'yan'uwana masu horarwa, da alƙalan wasa, da masu gidajen kallo, da iyayen da suke damƙa mana 'ya'yansu.

Zan fara da laifin kaina, tun kafin in nemi komai a wurinku.

A wani hutun makaranta da ya wuce, matasa sun shirya gasar unguwanni da kuɗin karo-karo. Ba ta hannunku aka shirya ta ba, don haka babu wani zargi da nake ɗora muku a kai. Mun kai wasan kusa da na ƙarshe, ana kunnen doki 1-1, saura 'yan mintoci a tashi. Wani yarona mai shekara 15, wanda Allah ya ba ƙafa da saurin yanka, ya kutsa da ƙwallo cikin yadi na 18. Mai tsaron bayansu ya miƙo ƙafa, sai kuma ya janye ta. Ina tsaye a bakin layi, bai fi taku goma tsakanina da su ba, kuma da idona na ga tazarar da ke tsakanin takalminsa da ƙwaurin yarona, ta kai faɗin tafin hannu. Amma yaron nan ya daka tsalle, ya ƙwalla ƙara, ya yi birgima uku har ƙura ta turnuƙe. Alƙalin wasa yana bayansu, ƙura ta rufe masa ido. Ya hura usur, ya nuna fenariti, ya ɗaga wa mai tsaron bayan katin gargaɗi na biyu, ya bi shi da ja.

Ranka ya daɗe, da shiru na yi ma da sauƙi. Hannu na ɗaga sama ina ihun “fenariti ne!” tare da 'yan kallo, alhali na san ba shi ba ne. Muka buga, muka ci, muka wuce.

Abin da ya biyo baya har yanzu yana hana ni sukuni. Yaran ɗaya ƙungiyar suka yanyame alƙalin suna zana akwati a iska da yatsunsu, suna cewa, “Malam, a duba VAR! Malam, a duba!” VAR ɗin nan na'urar bidiyo ce da alƙali yake sake kallon abin da ya faru a talabijin, ga shi suna nemanta a filin da ko ragar kirki babu, balle talabijin. Mai tsaron bayan kuwa rantsuwa kawai yake yi, “Wallahi Malam ban taɓa shi ba,” daga baya ya koma gindin turke ya zauna, ya ja rigarsa ya rufe kansa yana kuka. Da aka tashi wasa manyan unguwarsu suka afka wa alƙalin. Aka yaga masa riga, wani ya jefe shi da dutse a bayan kunne. Mutumin nan malamin makaranta ne, magidanci, abin da ake ba shi na alƙalanci da ƙyar yake isar man babur ɗinsa. Kafin sallar isha bidiyon da wani ya ɗauka da waya ya zaga WhatsApp, kowa ya ga abin da na gani tun farko. Gani ya kori ji, amma bayan an riga an fasa wa bawan Allah kai.

Tun daga ranar sunan yarona ya ɓace, ya koma Ɗan Dirama. Haka ake kiransa a fili, haka a makaranta, har a bakin masallaci. Bayan 'yan watanni, a wani wasan sada zumunta, wani ƙato ya taka masa idon sawu da gaske. Ya faɗi yana kururuwa. Alƙali ya dube shi ya yi masa alamar ya tashi, 'yan kallo suna ta “tashi, Ɗan Dirama, mun san hali!” Aka ci gaba da wasa yana kwance. Sai da na shiga fili da gudu sannan aka tsaya. Ƙafar ta riga ta kumbura a cikin takalmi, sai yanke igiyar muka yi da reza kafin ya fita. Karaya ce. A cikin adaidaita sahu muka ɗauke shi, kansa a cinyata. Da mahaifinsa ya iso asibiti bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, “Koci, na ji an ce ba a tsayar da wasa ba don an ɗauka ƙarya yake yi. Ni dai ban koya masa ƙarya a gida ba. A ina ya koya?” Na sunkuyar da kai.

A wurina ya sami izini, domin duk ranar da ya faɗi muka sami bugu sai in dafa kafaɗarsa. Amma darasin kansa a gidan kallo ya ɗauko shi, inda yaranmu suke kwashe daren Asabar da Lahadi da na Talata da Laraba. Can suke ganin manyan da suke so suna yi, kuma ba yau aka fara ba. A gasar cin kofin duniya ta 2002, a wasan Birazil da Turkiyya, Hakan Ünsal ya buga wa Rivaldo ƙwallo a ƙafa, shi kuwa ya kama fuska ya zube. Aka kori Ünsal, daga baya FIFA ta ci Rivaldo tara, amma Birazil ta riga ta tafi da makinta. Yaran yanzu ba su ga wannan ba. Su Neymar suka gani a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018, birgimar da ya yi a wasan Sabiya, da wadda ya yi a wasan Meziko, har wata tashar talabijin ta Suwizalan ta lissafa cewa ya shafe kusan minti 14 a kwance cikin wasanni huɗu. Kafin a ba yarona wancan mummunan suna, Neymar abokansa suke kiransa, yana kuma jin daɗi.

Ina so a dubi lamarin Neymar da adalci, domin a nan ne darasin yake. Mutumin nan ana dukansa da gaske. A wasan Suwizalan kaɗai a 2018 sau 10 aka yi masa ƙeta. A 2014, a ƙasarsu, Zúñiga na Kolombiya ya sa masa gwiwa a baya har ƙashin bayansa ya tsage, ya bar gasar ke nan. A 2023 ya zarce Pelé a yawan ƙwallayen da aka ci wa Birazil bisa lissafin FIFA. Duk da haka, shiga kowane gidan kallo daga Wunti zuwa Yelwa ka ambaci sunansa, kafin a tuna ƙwallo ɗaya da ya ci an tuna birgima. Shi da kansa ya fito bayan gasar Rasha ya yarda cewa wani lokaci yakan zuzuta abin. Suna linzami ne. Idan ya kama ɗan wasa, alƙali ma da shi yake shiga fili, sai ya ga ƙeta ta gaskiya ya kau da kai. Neymar yana da dukiya da likitoci da ma'aikatan gyara masa suna a idon duniya. Yaron unguwa ba shi da komai sai sunan nan, kuma shi zai riga shi isa duk ƙungiyar da ya je gwaji. Masu ɗaukar 'yan wasa suna tambayar hali kafin su tambayi ƙafa.

Sai maganar VAR, wadda yaranmu suka ɗauka ita ce maganin kowace cuta. An shigar da ita cikin dokokin wasa a watan Maris na 2018, aka yi amfani da ita a gasar Rasha, gasar Firimiyar Ingila kuma ta karɓe ta a 2019. Da aka kawo ta, abu huɗu aka ce ta duba: cin ƙwallo, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuskuren hukunta wani a madadin wani. Shi ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara. Ban musa amfaninta ba. A wasan Birazil da Kosta Rika, alƙali Björn Kuipers ya ba Neymar fenariti, ya je ya kalli talabijin, ya dawo ya soke. Da irin wannan ce a filinmu ranar nan, da malamin makarantar ya koma gida da rigarsa lafiya. Sai dai ko a can ba a ba Neymar kati a kan faɗuwar ba, kuma yaro mai wayo ya lura da hakan: in ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba babu asara.

Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗani na'urar nan ta kowace fuska. A ranar 26 ga Yuni 2018, muna 1-1 da Ajantina, ƙwallo ta taɓa kan Marcos Rojo ta sauka a hannunsa cikin yadi na 18. Alƙali Cüneyt Çakır ya je ya kalla, ya ce babu komai. Rojo ɗin nan ne ya ci mu a minti na 86, muka tattaro kayanmu. Har gobe ana gardamar wannan hukunci a majalisu. A gasar cin kofin duniya ta mata a 2019 a Faransa, Wendie Renard ta Faransa ta buga wa matanmu fenariti ta daki turke, aka ce a sake saboda Chiamaka Nnadozie ta matso daga kan layi, ta sake ta ci. Sai kuma na gasar cin kofin Afirka a Bouaké ta Kwaddibuwa, ranar 7 ga Fabrairu 2024, da Afirka ta Kudu. Osimhen ya zura ta biyu, gidan kallon da nake ciki ya kaure, benci ya kife, mutane suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Can sai ga alƙali Amin Omar ɗan Masar ya nufi talabijin. Ya soke ƙwallon, ya koma can baya ya ba su fenariti saboda ƙetar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau, Mokoena ya farke. Wurin ya yi tsit kamar an yi mutuwa, daga nan zagi ya ɓarke: an saye shi, ɓarawo ne, ba sa son Najeriya. Ni ma raina ya ɓaci matuƙa, amma da aka sake nuna hoton na san hukuncin daidai ne. Allah ya taimake mu Nwabali ya tare biyu a bugun daga kai sai mai tsaron gida muka wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran da suke zaune a ƙasa gaban talabijin suna jin manyansu suna kiran alƙali ɓarawo a kan hukuncin da yake gaskiya. Gobe da wace fuska za su dubi malamin da ke riƙe da usur a filin unguwa?

Na'urar ma mutane ne a bayanta. A watan Satumba na 2023 aka soke wa Luis Díaz na Liverpool halastacciyar ƙwallo a wasan Tottenham da sunan satar gida, saboda rashin fahimta tsakanin alƙalan ɗakin bidiyo da na fili, hukumar alƙalan Ingila ta fito ta amsa kuskure. Akwai kuma abin da nake lura da shi a matsayina na mai horarwa: kyamara ba ta kashe faɗuwar gangan ba, salo ta sauya mata. Da can mutum yakan zube ba tare da an taɓa shi ba. Yanzu sai ya bar ƙafarsa a baya yana jan ta, yana neman ta gogi ta mai tsaron baya, domin ya san in aka rage gudun hoton ɗan shafa zai zama kamar sara. Wannan salon ya riga ya iso filayenmu. Na ga yara 'yan shekara 13 suna gwada shi a atisaye kamar yadda ake gwada bugun kusurwa.

Don haka, ranka ya daɗe, ba VAR nake roƙo ba. Tana buƙatar kyamarori da yawa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da alƙalan da aka horar musamman, mu kuwa a yawancin filayenmu ko gadon ɗaukar wanda ya ji rauni babu. Ita kanta FIFA ta ga tsadar, shi ya sa ta gwada wani tsari mai sauƙi a gasar kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, inda koci ne yake neman a duba hukunci, da 'yan kyamarori kaɗan. Ko wannan ya fi ƙarfinmu a yanzu. Abin da nake roƙo yana hannunku, kuma kusan ba ya cin kuɗi.

Doka ta 12 ta riga ta tanadi katin gargaɗi ga duk wanda ya yi yunƙurin yaudarar alƙali, ko da faɗuwar ƙarya ko da ciwon ƙarya. Alƙalan unguwa suna jin tsoron ɗaga wannan kati, domin ɗaga shi daidai yake da ce wa ɗan wani maƙaryaci a gaban jama'arsa. Idan umarni ya fito daga hukuma a rubuce, aka karanta wa kyaftin-kyaftin da masu horarwa kafin a fara kowace gasa, alƙali zai san yana da bango a bayansa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne hukuncin bayan wasa. A 2017 hukumar ƙwallon Ingila ta kawo tsarin dakatar da ɗan wasa wasanni biyu idan bidiyo ya nuna ya yaudari alƙali har aka ba da fenariti ko aka kori wani. Mutum uku ne suke dubawa, tsohon alƙali da tsohon koci da tsohon ɗan wasa, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Oumar Niasse ɗan Senegal, yana Everton a lokacin, shi ne na farko da abin ya hau kansa a Firimiya, bayan wasansu da Crystal Palace. Me zai hana mu yi irin wannan? Tsofaffin alƙalai da tsofaffin 'yan wasa masu mutunci suna nan birjik a Bauchi da Azare da Misau. Kyamara kuwa tana aljihun kowane ɗan kallo. Na san bidiyon waya yana da matsala: hannu yana rawa, ana iya yanke shi, mai ɗauka ma yana da ɓangaren da yake so. To a ɗauki wanda ya fito sarai kawai, in da shakka a bar shi. Kada a taɓa sakamakon wasa, don in aka buɗe wannan ƙofa babu gasar da za ta ƙare. A dakatar da wanda ya yi yaudarar, a kuma goge katin wanda aka zalunta. Da akwai wannan tsari, da yaron da ya zauna gindin turke yana kuka ya sami wanda zai ce masa, a hukumance, kai ne mai gaskiya. Har yau babu wanda ya ce masa haka sai ni, da na je gidansu daga baya.

Kada kuma hukuncin ya tsaya a kan yara. Idan 'yan wasan ƙungiya ɗaya suka maimaita, a dakatar da kocinsu. Ina faɗin haka ne ina sane da cewa da ni za a fara da dokar tana nan. Yaro ba ya ɗorewa a kan abin da kocinsa ya haɗe masa rai a kai.

Game da wanda ya faɗi da gaske, roƙona shi ne a wasannin yara a tsayar da wasa duk lokacin da yaro ya kasa tashi, ko mene ne sunan da ake kiransa da shi. Don kada masu ɓata lokaci su fake da wannan, duk wanda aka shigo duba shi ya fita ya yi 'yan mintoci a waje kafin ya dawo. Babbar gasar Amurka ta fara irin wannan a 2024, minti biyu a waje. Mai ciwon gaske ya sami kulawa, mai na ƙarya ya bar 'yan'uwansa su 10 suna haki. Kada kuma a amince da wata gasa sai da akwatin taimakon gaggawa da mutum ɗaya da ya san amfani da shi, da kuma dattawan unguwa ko jami'an tsaro da za su raka alƙali har ya bar fili. Ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali a cire ta daga gasar, ko 'yar gidan wane ce.

Garin nan ba baƙon ƙwallo ba ne. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999, ya sake karɓar na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa a 1998. Yaran da za su gaji wannan tarihi su ne waɗannan da suke guje-guje a ƙura bayan la'asar, kuma akwai abin koyi da za a nuna musu. A 2012 Miroslav Klose ya ci wa Lazio ƙwallo a ragar Napoli, ya gaya wa alƙali da bakinsa cewa hannunsa ta taɓa, aka soke. Ga namu Ahmed Musa a wasan Aislan a 2018: ya tsere wa mai tsaron baya, ya kewaye gola, ya natsu a kan ƙafafunsa ya zura ta biyu. Ina roƙon a ware kyauta ta ɗa'a a kowace gasar yara, a miƙa ta a gaban jama'a a ranar da ake miƙa kofi, da hannun babban baƙo, ba a bayan fage ba. Masu gidajen kallo su ma ina roƙonsu, tunda su ne suke da yaran nan fiye da mu, su riƙa tsawatarwa idan zagin alƙali ya wuce kima.

Na je gidan malamin da aka jefa na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ya yafe duniya da lahira, amma ya rataye usur, iyalinsa sun ce ya isa haka. Tabon yana nan a bayan kunnensa. Yarona kuwa ƙafa ta warke, ya fara ɗan gudu a gefen fili, sai dai sunan bai sake shi ba tukuna. Shi da kansa ya ce in je da shi duk inda za a yi wannan magana.

Hutu mai zuwa gasannin unguwanni za su sake tashi a ko'ina cikin jihar nan. Ina roƙon ku kira zama da masu horarwa da alƙalai da masu shirya gasa kafin lokacin. Idan kun kira zan zo da bidiyon, da yaron, malamin ma ya ce zai halarta in dai ba cewa za a yi ya sake riƙe usur ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai horar da yara a cikin garin Bauchi